Alwalar Ƙarfe Uku

Na ga abubuwa a duniya, ba don cika baki ba. Aikin gwamnati ya kai ni inda ƙanƙara ke zuba kamar garin tuwo, ya kai ni inda ake cin abinci da tsinke biyu, na taɓa kwana uku a filin jirgi da riga ɗaya. Yawancinsu sun fara dusashewa a kaina. Amma akwai dare guda a bayan ɗakin girkin gidana da ke Kuje wanda ko tsufa ya cinye mini tunani, shi kam ba na jin zai fita.

Lokacin farar hula sun karɓi mulki, Abuja tana ta kumbura kamar ƙullin fanke. Wayar hannu ta shigo, kowa yana tafe yana ihu shi kaɗai a titi. Ni ina aiki a wata ma'aikatar tarayya, a sashen da ke shirya wa manya tafiye-tafiye, don haka duk inda oga ya sa ƙafa ina bayansa da jakar takardu. Haya a cikin gari ta fi ƙarfinmu, sai muka gina ɗan gida a Kuje, kullum da asuba in kama hanya. Maiɗakina malamar makaranta ce a can, tana koyar da lissafi. Shekararmu ashirin da 'yan kai tare a lokacin, yara duk sun tafi makarantun kwana da jami'a, gida ya rage daga ni sai ita. Mace ce mai kunya da zurfin ciki. Ko ƙaya ta taka sai ta gama cirewa za ka ji labari.

Sai in gaya muku wani abu game da ni: mutum ne ni mai jin sanyi. Ko a tsakiyar zafin bazara da safa nake kwana. Daga wata tafiya na sayo mana wani bargo mai nauyi kamar buhun masara, ina ji da shi, kuma na sayo mata rigunan barci masu santsi da ƙyalli, irin waɗanda ba su san zufa ba balle su sha ta. A ganina na gama kyautata wa iyali.

To cikin wata damina, ana ruwa kusan kullum, gari ya yi sanyi, sai na fara jin motsi cikin dare. Wajen ƙarfe uku. In ji ta zame daga gado a hankali, in ji ƙofar banɗaki, sai ƙarar ruwa, shaa, shaa. Daga nan shiru. Ba za ta dawo ba sai gab da kiran salla. Dare ɗaya, biyu, mako, wata. Ni kuwa ina cikin bargona ina murmushi, don na san wannan ƙarar. Da ita na girma.

Mahaifiyata, wadda muke kira Inna, duk garinmu an san ta da tsayuwar dare. Tun ina saurayi nake jin ƙarar ruwanta a tsakar gida ƙarfe uku, sannan in hango ta a kan buzu har asuba. Mata na kawo mata jarirai ta tofa musu addu'a. In ana faɗa a unguwa aka ce ga ta nan, sai kowa ya sassauta murya. Saboda haka da na ji ruwa yana zuba a gidana a daidai wannan lokaci, ban yi wata tambaya ba. Na ce Allahu akbar, abin ya biyo ni har Abuja. Har da azumi ya zo ta yi talatin cif ba fashin salla ko na kwana ɗaya, ni da na karanta takardu har na tara a kwali, sai na ce ma sha Allah, ibada ta kai ibada.

Bari in gaya muku abin da ban sani ba a lokacin, don ku ga girman wautata tun daga nan. Ba alwala take yi ba. Wani zafi ne ke taso mata daga ƙirji ya haye wuya ya mamaye fuska, kamar an buɗe mata murhu a ciki, zuciya na dukan uku-uku, zufa ta jiƙa ta sharkaf. Sai ta gudu ta sheƙa ruwa, ta je ta kwanta a kan tayil ɗin falo tana rawar ɗari. Kuma yayarta, wadda ta riƙe ta bayan rasuwar mahaifiyarsu, da zufar dare ciwonta ya fara, ta rame ta ƙare cikin shekara guda. Don haka maiɗakina ta riga ta yanke wa kanta hukunci. Ta ɗauka layin ya zo kanta. Kowane dare tana kwance a ƙasa tana lissafin ko za ta ga auren 'yarmu ta fari, ni kuma ina ɗaki ina yi mata kabbara a zuci.

Da na yi shiru ma da sauƙi. Amma bakina ba ya riƙe abin daɗi. A masallacin ofis bayan azahar na ɗan tsegunta, wai don in zaburar da mutane. Akwai wani abokin aikina, Alhaji, Bayarabe ne dattijo mai fara'a, ya shekara bakwai a mataki ɗaya yana jiran ƙarin girma. Ya kama hannuna da hannu biyu ya ce, "Oga, kana da waliyyi a gida ka ɓoye? Don Allah ka gaya wa madam, shi ya sa sunana inside addu'a. Wannan fayil nawa ta kwana a tebur ya isa."

Na dawo gida da saƙo ina washe baki. Tana yanka kuɓewa, wuƙar ta tsaya a hannunta.

"Wa ya ce musu ina tashi?"

"Haba Malama, ai haske ba ya ɓuya."

"Baban yara, akwai maganar da nake so mu yi. Tashin nan da nake yi..."

Na ɗaga hannu, har da rufe ido irin na masu wa'azi. "A'a. Kada ki faɗa. Tsakaninki ne da Ubangijinki, kada in rage miki lada."

Kun ji fa. Mace ta tattaro ƙarfin halinta na wata huɗu ta kawo bakin ƙofa, na mayar da ita da hannuna, kuma ina jin na burge. Ta dube ni, ta dubi kuɓewar, ta ci gaba da yanka.

Daga nan abin ya fi ƙarfina. Saƙon Alhaji ya jawo na wasu. Wannan ɗansa zai rubuta jarrabawa, wancan matarsa ta kusa haihuwa. Wata Asabar matar maƙwabcinmu ta shigo ta durƙusa a gabanta tana hawaye, wai ƙaninta ya ɓace a hanyar Legas, a taimaka a sa shi a tsayuwar dare. Maiɗakina ta rarrashe ta ta raka ta ƙofa, ta dawo ta shige ɗaki ta rufe. Na ji sheshsheƙa. Na ce a raina, tausayi ne irin na bayin Allah. Ashe kukan mai ganin an mayar da ita maƙaryaciya ne, ga tsoron mutuwa, ga nauyin amanar mutane, ga miji da ya toshe kunne da yabo.

Ta fara ramewa don ba barci, ƙasan idonta ya yi baƙi, abu kaɗan ta fusata. Ni duk na jingina wa ibada. Sai dabara ta zo mini: in ɗauko Inna ta zo ta ga magajiyarta. Na aika aka sako ta a mota, na je na tarye ta a Zuba, na cika bayan mota da kankana da lemo da abarba, muka nufo Kuje ina ta ba ta labari. Inna ba ta faɗin sunana, kasancewata ɗan fari, sai dai ta ce "kai wannan". Ta saurare ni har muka kusa gida, sannan ta ce, "Kai wannan, ƙarfe nawa ka ce take tashi?"

"Uku, Inna. Kamar ke."

"Shekarunta nawa yanzu?"

"Arba'in da takwas."

Ta ce, "Uhm." Ta juya tana kallon gonaki ta taga.

A daren nan na ƙudura cewa ni ma zan tashi, a yi jam'i da ni, kada mata biyu su shige Aljanna su bar ni a bargo. Ƙarfe uku na ji ta zame. Na ji ruwa. Na ba ta ɗan lokaci, sannan na miƙa hannu zan dafa in tashi, hannuna ya sauka a gefenta na gado. Jiƙe yake jagab. Matashin, zanen gadon, har katifar, kamar an juye bokiti. Wata shida ina kwana kusa da wannan, ban taɓa miƙa hannu ba. Na kunna tocila na haska kusurwar da take salla. Darduma tana nan a naɗe yadda ta bar ta tun isha'i, carbi a kai.

Na fito falo, ba kowa. Ƙofar baya a buɗe, an ɗauke wuta, sai farin wata da ya leƙo bayan ruwa ya tsagaita. Na tsaya a jikin ƙofar ɗakin girki. Ga su can a kan dakalin baya. Maiɗakina da ɗaurin ƙirji, gashi a jiƙe, ta haɗa kai da gwiwa. Inna a gefenta da murfin kwano tana yi mata fifita. Ku tuna fa, suruka da suruka ne, waɗanda shekara ashirin ba su taɓa cin abinci a kwano ɗaya ba don kunya.

Na ji Inna tana cewa, "Daga nan yake tasowa ko? Ya hau wuya, ya fito ta kunne?"

"Eh, Inna."

"Zuciya ta yi ta bugu kamar an biyo ki. In ya sake ki kuma sai sanyi."

Maiɗakina ta ɗago. "Ya aka yi kika sani?"

"Wata nawa rabonki da fashin salla?"

"Ya fi bakwai. Kafin nan ma sai ya zo ya ɓace." Sai muryarta ta karye. "Inna, haka Yaya ta fara. Ban gaya wa kowa ba. Shi kuma ya bi gari yana cewa salla nake yi. Wallahi ko raka'a ɗaya ban taɓa yi ba, a ƙasa nake kwanciya kamar kifi. Mutane suna kawo mini kukansu. Ina tsoron in mutu da ƙarya a kaina."



Sai Inna ta yi dariya. Ba ƙarama ba, irin wadda take toshe baki da gefen mayafi kafaɗu na rawa. Ta ce, "'Yar nan, yayarki tana tari?"

"Sosai. Har da jini."

"Ke kina yi?"

"A'a."

"To ki bar mutuwa ta ji da aikinta, ba ta aiko miki ba tukuna. Girma ne ya zo. Jini ne yake sallama, shi kuwa ba ya tafiya shiru, sai ya ƙona gida kafin ya fita. Ni zafin girma nake ce masa. Na sha shi shekara biyar."

"Ke, Inna?"

"Ni fa. Ke kina tsammanin da waliyyantaka aka haife ni? Zufa ce ta kore ni daga ɗaki. Ubansu yana minshari, ni ina tsakar gida ina kwara ruwan randa. Ba wanda zan gaya wa, a zamaninmu wa ke faɗin wannan? Rannan ina zaune a jiƙe, gari tsit, taurari sun cika sama, sai na ce da kaina, to ke, ga ki a farke, ga ruwa a jikinki, ga Wanda ba ya barci yana kallonki. Zaman me kike yi? Na gyara na yi alwala sosai, na yi raka'a biyu. Kafin in sallame jikin ya huce. Gobe ma haka. Da shekara biyar ta cika zafin ya tattara ya tafi, ya bar mini tashin. Yau shekara talatin da wani abu."

Na shiga manyan masallatai a ƙasashen mutane, na tsaya a gaban gine-ginen da sai ka riƙe hula kafin ka ga ƙarshensu. Ban taɓa jin tsigar jikina ta tashi kamar yadda ta tashi a jikin ƙofar nan ba. Abin da garinmu kaf yake girmamawa, abin da na gina labarin uwata a kai tun ina saurayi, ashe daga zufa ya faro. Kuma maimakon ya ragu a idona, sai ya ƙara girma har ya cika mini ƙirji. Mace ita kaɗai cikin duhu, jikinta yana ci da wuta, ba likita ba mai tambaya, ta ɗauki wannan wutar ta kunna fitila da ita.

Maiɗakina tana kuka tana dariya a haɗe. Ta ce, "To mutanen da suka ba ni saƙo fa?"

"Sai ki isar. Ai ba ki makara ba, dare na nan da saura. Amma gobe sai an kai ki asibiti. Akwai wata a garinmu ita ma haka take zufa, ashe maƙoƙo ne ke shirin fito mata. A duba wuyan nan, a duba jinin, hankali ya kwanta." Sai ta ɗaga murya ba tare da ta waiwayo ba. "Kai wannan, da ke laɓe kamar ɓarawon kaji, ka ji ko?"

Ashe tun fitowata ta ga hasken tocilar.

Na fito da safata da hular sanyi, na rasa inda zan sa ido. Na durƙusa a gaban maiɗakina na ce, "Malama, ki yafe mini. Kin zo za ki faɗa na hana ki."

Ta share fuska ta ce, "Ai kada ka rage mini lada."

Inna ta ce, "Karɓi nan." Ta miƙo mini murfin kwanon. "Ka zaga duniya a jirgi, ba ka zaga gadonka ba. Yi mata fifita, hannuna ya gaji."

Haka na zauna ina fifita har ta huce. Sannan su biyun suka yi alwala a famfon baya, suka shimfiɗa tabarma, suka ta da salla. Ni ina zaune a kan dakali da murfin kwano a hannu, ina kallon bayansu, tsohuwa da mai bin sawunta, kwaɗi na kuka a fadama. Na ji maiɗakina a sujada tana jero saƙonnin mutane ɗaya bayan ɗaya, har da fayil ɗin Alhaji.

Washegari na kira ofis na ce ba ni zuwa, muka shiga gari wajen wata likitar mata. Ta tattaɓa mata wuya, ta sa aka ɗebi jini don a duba ƙwayar maƙogwaro, aka ɗauki hoton ƙirji saboda tarihin yayarta. Kwana uku muna jira, kwana uku ina tashi ƙarfe uku. Da sakamako ya fito likitar ta ce wuya lafiya, ƙirji fes, abin da Inna ta faɗa ne, sai dai ita da Turanci ta faɗe shi. Ta ce in ya tsananta akwai magani, a dawo. Sannan ta tambayi irin abin da take kwana da shi. Da aka zo kan bargo da rigunan barci, ta cire tabarau ta dube ni ta ce, "Malam, matar taka kake so ka dafa?"

A mota, da muka bar gari, maiɗakina ta ce a hankali, "Ashe zan ga auren yarinyar nan."

Daga nan gida ya sauya tsari. Bargona ya zama nawa ni kaɗai, ita ta koma zanen atamfa da ya sha wanki ya yi laushi. Rigunan ƙyalli aka rabar. Shayin dare mai citta da kanumfari da nake haɗa mana da alfahari aka soke shi, yaji ya koma na rana. Inna ta sa na sayo randa wajen matan Gwari masu ginin tukwane, aka girke ta a ƙofar ɗaki da moɗa a kai, don ruwanta ba ruwansa da ɗauke wuta. Zane biyu a naɗe kusa da gado, da tawul, da mafici na kaba. Taga a buɗe ko ana sanyi, ni kuma na ƙara safa ta biyu ban yi ƙorafi ba. Zafin bai daina zuwa ba, ya ɗauki shekaru yana kai ziyara, sai dai ya daina samun ta ita kaɗai.

Alhaji kuwa, bayan wata biyu takardarsa ta fito. Ya zo har Kuje da kwandon doya yana cewa, "Na faɗa! Madam shi ne waliyyi!" Maiɗakina ta buɗe baki za ta yi bayani, Inna daga kan tabarma ta ce, "Karɓi doyarki, 'yar nan. Ai kin roƙa."

Inna ta rasu shekaru kaɗan bayan haka. A wajen zaman makoki kowa tsayuwar darenta yake ambato, wani tsoho har yana cewa tun tana yarinya aka ga alama. Na dubi maiɗakina ta can ɓangaren mata, ita ma ta dube ni. Mu biyu kaɗai muka san inda abin ya faro, kuma mu biyun muka fi kowa sanin nauyinsa.

Yanzu zafin ya tafi, ya bar mata tashin, kamar yadda ya bar wa Inna. Ni ma ya bar mini nawa rabon. Abin da daren nan ya koya mini shi ne, yabo ma yana iya toshe bakin mutum kamar tsawa, kuma wanda ya fi kusa da kai shi ka fi saurin yanke wa hukunci ba tambaya. Shi ya sa har gobe in na ji ƙarar ruwa ƙarfe uku, ba na cewa ma sha Allah in juya cikin bargo. Hannu nake fara miƙawa in taɓa gefenta na gado, sannan in tashi in je bakin ƙofa in ce, "Malama, lafiya?" In tsaya har sai ta amsa.